Kwanon Magariba da Idon Hajiya Na'inna

"Madamuwazel Issufu, naƙuda ba ta da montur, ba ta duba agogo. Naƙuda ba ta san Lahadi ba."

Bushira ce ke magana, amma muryar ba tata ba ce. Ta ɗora tabaran babansu a ƙarshen hanci, ta turo ciki gaba, ta goya hannuwa a baya, tana taka tsakar gida ɗai-ɗai kamar tsohon farfesan da ya koya musu aikin haihuwa a Parakou. Ƙanwarta Samira tuni ta saki muciya a tukunya ta dafe ciki.

"Yaya, don Allah bari, tuwo zai kama."

Uwarsu Inna Jariatu ta leƙo daga ɗaki da carbi a hannu. "Ke dai wata rana bakin ga naki zai ja miki. Lokotoro guda, kina abu kamar 'yar lakwal da ta fara makaranta jiya. Aje tabaran mutane ki sa mayahi, Hajiya Na'inna ta aiko tana neman ki."

Shekara bakwai Bushira ta yi tana karatun likita, aji ɗaya da Mahfuzu ɗan Hajiya Na'inna. Tare suka gama, tare suka dawo Malanville, iyaye sun gana, an sa rana bayan Babbar Salla. Abu guda ya rage a gabansu. Kowa zai rubuta a dosiyensa, wato takardun neman gurbi, reshen da zai ƙware a kai, kafin ya tafi jarrabawar konkur a Cotonou, kuma saura mako shida a rufe karɓa. Bushira ta daɗe da rubuta nata da fensir: jineko, likitan mata da haihuwa. Biro kawai take jira ta bi a kai.

Hajiya Na'inna ita ce shugabar mata masu gumi na unguwarsu, masu turara shinkafa su shanya su casa. Mata daga Cotonou sukan hau mota yini guda su zo sayen shinkafarta, don an san ba a taɓa tauna tsakuwa a cikinta ba. Bushira ta same ta a rumfa, ta ba ƙofa baya, faifai a cinya.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Inna. Ina wuni?"

"To, Bushira. Ai tun daga ƙohwa na gan ki. Zamna."

Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan Hajiya ta gyara zama.

"An ce mini likitanci rassa gare shi. Wancan," haka take kiran Mahfuzu, don ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, "mai fiɗa zai zama. Na hwaɗa ma Malanville duka, har Gaya an ji. Mai fiɗa ba shi da lokacin kanshi. To in ke ma kinka ɗauki na haihuwa, a bugo miki waya da magariba, a bugo da asuba, wa ke gida?"

Bushira ta sunkuyar da kai.

"Akwai na ido. An ce su ƙarhe huɗu sun kulle ɗaki, tabarau kawai suke gwada ma mutane. Shi ya dace da mace. Shekara ashirin da shida ina kai ma uwar mijina kwano kowace magariba, har shekarar da kogi ya shigo gari, cikin ruwa na kai shi. Ni ba yunwa nike ji ba, ɗiyata, shinkahwa ta cika mini ɗaki. So nike, in kunka dawo daga Cotonou, unguwa ta ga kwano ya hito gidan ɗana ya shigo nan. Kullum, ba yau da gobe ba."

"Inna, ai za ni iya girki ranar da ba ni da kwanan asibiti..."

"Kullum na ce. Ki rubuta na ido, a yi biki. In ba haka ba, rana ta jira."

Da la'asar Mahfuzu ya zo zauren gidansu. Dogo ne, mai sanyin magana, irin wanda ke gama tunani kafin ya buɗe baki. Bushira ta maimaita masa jawabin duka, da muryarta ta ainihi, don abin bai ba ta dariya ba tukuna.

"Ka ga 'yan ajinmu," ta ce. "Nura ya zaɓi fata, wai ba wanda ya taɓa tashin likitan ƙuraje daga barci. Hauwa ta zaɓi ɗaukar hoton ciki da ƙashi, wai ɗakin akwai kilim mai hura sanyi. Kowa ya zamna ya auna irin rayuwar da yake so. Ni ma na auna. Na san ba barci, na san ba Salla ba Lahadi. Amma ka san matan ƙauyukan Madécali da Toumboutou da ake kawowa a kan moto, sun kwana biyu suna naƙuda. Ni in na kama kan jariri ya hito ya tsala kuka, gajiya ba ta gane ni."

Mahfuzu ya daɗe yana murza hularsa.

"In gaya miki wani abu, kada ki kwaikwaye ni?"

"Ban yi alkawari ba."

"Ba ni son fiɗa. Awa takwas a tsaye, baya kamar an sare shi, salla uku a haɗe. Duk shekarun ga, wata ukun da munka yi a ɗakin ido su ne na ji daɗi. Aiki ne siriri, mai natsuwa. Ka gama da rana, ka yi magariba cikin jam'i, ka ga 'ya'yanka ido biyu. Ni irin wannan rayuwa nike so."

Bushira ta buɗe baki ta dube shi. "Wato kai kana son abin da anka ba ni, ni ina son abin da anka hana ni. To ka hwaɗa mata mana."

"Ni? Tun da anka haife ni ban taɓa kallon Inna ido cikin ido ba. In na shiga gaishe ta, tabarma nike kallo, ita tana kallon bango. Ta ina zan fara ce mata ta janye maganar da ta baza a kasuwa?"

Kwana uku Bushira tana cin tuwo ba ta jin ɗanɗanonsa. A na huɗu, da hantsi, Samira ta ishe ta. "Yaya, wai mi tsohuwar ta ce? Yi mini ita."

Ba a roƙon Bushira irin wannan sau biyu. Ta jawo faifai, ta zuba tsabar shinkafa, ta juya wa rana baya. Ta ja mayafi ya rufe mata goshi. Ta karkata kai gefe, kunne gaba, ta sa yatsu tana laluben shinkafa alhali fuskarta na kallon saman katanga. Ta miƙa ƙafa tana neman buta da babban yatsa.

"Wa ke nan?" ta ce da muryar Hajiya, ba ragi. Ta ɗan dakata. "To, ai tun daga ƙohwa na gan ki."

Samira ta faɗi ƙasa tana shure-shure.

Bushira kuwa sai ta tsaya cak. Ta dubi hannunta da ke cikin faifai. Ta tuna inda fuskarta ke kallo. Mai tsintar tsakuwa faifai yake kallo, ba katanga ba. Mai gani ba ya gudun haske, ba ya jiran murya kafin ya kira suna, ba ya neman buta da ƙafa. Jikinta ya ɗauko abin da kanta bai lura da shi ba. Ta ga tsofaffi masu wannan zama sun fi ɗari, a kan benci a ƙofar ɗakin ido.

"Yana," ta ce a hankali. "Yanar ido ce."

Ba wanda ya ji ta, don a daidai lokacin aka tafa hannu a bakin zaure. Gwaggo Barakatu ce, ƙanwar baban Mahfuzu, ta kawo zanen anko a nuna wa Inna Jariatu. Tun daga "wa ke nan" take tsaye.

"Lalle. Ashe wasan kwaikwayo anka tura ki koyo Parakou. Ba a kai ki ba ma kin mai da uwar miji abin dariya, ina ga an kai ki?" Ta naɗe zanenta ta juya, takalmanta na faɗa da ƙasa.

Kafin azahar saƙo ya iso: a dakata da maganar rana.

Inna Jariatu ta yi faɗa har muryarta ta dushe. "Ban hwaɗa miki ba? Shekara nawa ina hwaɗa miki? Yanzu da wane ido zan shiga kasuwa?" Bushira ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ta faɗi jarrabawar shekara ta biyu. Kalma ɗaya za ta iya faɗa ta sassauta laifin. Amma ta san hanyar da kalmar za ta bi: daga Inna zuwa Gwaggo Barakatu, daga Gwaggo zuwa rumfunan kasuwa. Kafin Juma'a matan Cotonou sun koma wata rumfa, matan ƙungiya sun fara neman sabuwar shugaba. Matar da ke cewa "na gan ki" alhali ba ta gani ba, ba ƙarya take so ba, mutuncinta take riƙo. Bushira ta haɗiye kalmar.

Mahfuzu kaɗai ta gaya wa, a waya.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. "Da na gani."

"Da mi za ka gani, lokotoro? Kai da ka haddace zanen tabarma."

Mahfuzu ya ga gaskiyarta. Ya leƙa idon mutane sun fi dubu da tocila, na uwarsa ne kaɗai bai san kalarsa ba. Washegari ya gwada. Ya durƙusa a inda ya saba, ya ce da tabarma, "Inna, ko idonki na damun ki?" Hajiya ta ce da bango, "Idona ƙalau. Ka je ka tambayi 'yar wasanku, ita ta san yadda nike." Nan maganar ta mutu.

Da safe Bushira ta sa mayafi ta nufi gidan. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta ce, "Inna, na yi laihi, ki gafarce ni." Hajiya ba ta amsa ba. Ba ta kuma kore ta ba. Sai Bushira ta zauna a gefen tabarma, ta jawo ƙwaryar shinkafar da Hajiya ta ture gefe a matsayin wadda aka gama tsincewa, ta sake bi. Duk tsakuwar da ta samu, sai ta jefa a bakin zanenta ta ƙulle.

Haka ta yi gobe, haka jibi. Ta zo da hantsi, ta gaida, a yi mata shiru, ta tsince, ta tafi da azahar. Gwaggo Barakatu takan shigo ta tsallake ta kamar turmi. "Har yanzu 'yar fim tana nan? Sabon wasa take haddacewa?" Bushira ta ce, "Ina kwana, Gwaggo," bakinta na ƙaiƙayi, don tafiyar Gwaggo kaɗai ta ishe ta wasan mako guda. Ta danne. A gida dosiye na nan a ƙarƙashin matashi, fensir bai zama biro ba, kwanaki na tafiya. Samira ta ce, "Yaya, ki rubuta na idon nan ki huta mana." Ta ce, "In na rubuta, na yi wa kaina ƙarya shekara arba'in. In ban rubuta ba, na rasa Mahfuzu. Bari dai in gama da shinkahwar nan tukuna."

Ranar Alhamis, kwana na goma, ta yi kiciɓis da wani dattijo a zaure yana fitowa, da jakar fata a rataye. Yana cewa ta bayan kafaɗa, "Asabar da sassahe, Hajiya, kahin in koma ƙetaren gada. Kada kowa ya sani, kada ki ci komi."

Bushira ta bi jakar da kallo. Ta san irinsu. Sukan bi kasuwanni, su soka tsinken ƙarfe a gefen ido su tura yanar ta faɗa ciki. Mutum ya ga haske kwana biyu ya yi ta godiya, bayan wata guda ido ya kumbura ya mutu, mai jaka kuwa ya yi nisa. A Parakou ta ga idanun da suka bari, waɗanda ba likitan da ke iya tayarwa.

Ta shiga rumfa. Yau ba ta jawo ƙwarya ba. Ta kwance bakin zanenta, ta kama hannun Hajiya, ta juye mata abin da ke ciki a tafi. Tsakuwa ce, ta kusa cika hannu.

"Mi ne wannan?"

"Na kwana goma ne, Inna. Daga wadda kinka ce kin gama. Ba wanda ya gani sai ni."

Yatsun Hajiya suka rufe a kan tsakuwar.

"Ina jin ƙararsu," ta ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Kullum ina ji kina jehwa su. Na ce bari in ga ranar da za ki kai ma Barakatu."

"Ba zan kai ba."

"Shi ya sa kinka yi mini dariya gaban ƙanwarki? Don na makance?"

"A'a, Inna. Dariya na fara, ban ɓoye ba, halina ne, kuma ban kyauta ba. Ina tsakiyar yi na gane abin da nike kwaikwayo. Ban san ba ki gani ba sai da na zama ke."

"To da Barakatu ta kama ki, mi ya hana ki hwaɗi? Da kin wanke kanki."

"Da na wanke kaina, da kasuwa ta ji kahin magariba."

Hajiya ta juyo da fuskarta sosai, karo na farko. A cikin inuwar rumfa Bushira ta ga abin da take zato: tsakiyar idon dama fari fat kamar an ɗiga nono, na hagu ma ya kusa kamo shi. Hawaye na gangarowa daga duka biyun.

"Shekara biyu," in ji Hajiya. "Da kamar hayaƙi, yanzu kamar an rataya mini farin zane. Ban san kamar da wancan ya dawo da ita ba. Muryarshi kawai."

"Inna, ba makanta ba ce. Yana ce, ana cire ta. Amma ba da tsinken mutumin nan ba. In ya taɓa ki Asabar, ni da Mahfuzu da duk malamanmu ba mu iya gyarawa. Ki bari mu kai ki Parakou."

"An ce can ƙwaƙule ido suke su aza bisa faranti su wanke."

"Wa ya hwaɗa miki?"

"Barakatu."

Bushira ta ciji leɓe. Hajiya ta share fuska da gefen mayafi, ta karkata kunne wajen zaure ta ji ba kowa.

"An ce ba wanda ba ki iyawa. Yi mini ita."

"Inna, yanzu na tuba."

"Gobe ki tuba. Yi mini."

Bushira ta ja numfashi ta hanci, ta tafa hannu sau ɗaya. "Lalle. Ni da idona na ga wadda ta ga wadda anka yi ma. Bisa faranti, Yaya, har da cokali a gehe."

Hajiya Na'inna ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba, har tsakuwar ta zube daga hannunta.

Aka kira Mahfuzu. Ya shigo ya durƙusa a wurinsa, tocila a aljihu, ido a tabarma. Bushira ta ce, "Lokotoro, mara lahiya tana sama, ba ƙasa ba." Ya ɗago a hankali kamar wanda aka aza wa buhu a wuya. Hajiya ma ta fara juyawa bango, sai ta fasa. "Duba abinka," ta ce. "Yau ba ɗa ba uwa, likita ne da tsohuwa." Ya buɗe fatar idon, ya haska. Sai da ya fita zaure aka ji yana fyace hanci.

Ranar Asabar mai jakar fata ya tarar da ƙofa a rufe. An gaya wa unguwa Hajiya ta tafi Parakou zaɓen zannuwan biki, da ɗanta da yarinyar da za ta riƙe mata jaka. Gwaggo Barakatu ta ce wannan yarinya ba banza ta bar Hajiya ba, a bincika.

Aikin bai kai rabin awa ba. Washegari da safe, a ɗakin da ke cike da tsofaffi masu bandeji a ido ɗaya, likitan da ya yi aikin ya zo da kansa ya ɓare na Hajiya. Ta ƙifta, ta ƙifta. Ta dubi tafin hannunta, ta juya shi. Ta dubi zanen jikinta mai hoton kifaye.

"Wa ya saya mini wannan? Ashe shekara guda ina yawo da kifaye a jiki."

Sannan ta ɗaga kai. Mahfuzu na tsaye a ƙarshen gado, ya manta da tabarma, don babu ita. Ta dube shi daga hula har takalmi, ba ta kau da kai ba.

"Ashe ka yi gemu. Ashe haka ka rame." Ta juya ga Bushira. "Ke kuma ashe 'yar ƙarama ce, duk bakin nan."

Da likitan ya wuce gado na gaba, ta bi shi da sabon idonta. "Wane ne wannan? Shi ne babban mai fiɗa na nan?"

"Likitan ido ne, Inna," in ji Bushira.

"Ba su ne masu gwada tabarau ba?"

"Su ne."

Mahfuzu ya gyara murya. "Inna, aikin da nike so ke nan. Tun da daɗewa. Ban iya hwaɗa miki ba."

Hajiya ta shiga lissafin abin da ta baza daga Malanville har Gaya.

"Da wuƙa ya yi mini?"

"Da 'yar ƙarama."

"Ya yanka?"

"Ya yanka, Inna. Da rana suke yi, ƙarhe huɗu sun tashi."

"To ai mai fiɗa ne. Ban yi ma kowa ƙarya ba." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Rubuta na idon a dosiyenka."

Bushira na ta ninke mayafin Hajiya a gefen gado, ta ninke ta warware ta sake ninkewa. Hajiya ta ƙyale ta sai da ta yi sau uku.

"Ke kuma, mai fensir. Samira ta hwaɗa ma ƙanwar wancan, ita kuma ta hwaɗa mini. Na ce wa ke gida in an yi magariba, to ga shi an samu. Bi abinki da biro."

"Inna, kwano fa? Akwai ranakun da ba zan..."

"Kwana goma kina tsince mini tsakuwa ina yi miki shiru, kina da abin da za ki rama da shi ba ki rama ba. Wanda ke kawo kwano don unguwa ta gani daban, ke daban. Bar mini maganar kwano, ni na san yadda zan yi da shi."

Saura kwana tara a rufe karɓa suka kai dosiye. Aka yi biki bayan Babbar Salla, Gwaggo Barakatu ce ma ta fi kowa rawa, tana gaya wa mutane ita ta fara gano yarinyar nan tana da hankali. Bayan wata uku aka yi wa Hajiya ido na biyu, wannan karon ba a fake da zannuwa ba. Ita da kanta ta tara matan ƙungiya ta ba su labari, ta kwashi tsofaffi huɗu a mota ɗaya ta raka su.

Shekarun Cotonou ba su zo da sauƙi ba. Akwai makon da Bushira ta ga mijinta sau biyu kacal, akwai Sallar da ta yi a ɗakin haihuwa da rigar aiki. Ba ta taɓa cewa ta yi da-na-sani ba, shi ma bai taɓa cewa ta cika dare a waje ba, don kowa da idonsa a buɗe ya zaɓa. Da suka dawo Malanville da aiki, ƙarfe huɗu da rabi za ka ga Dokta Mahfuzu a kan moto, ɗiyarsu Aisha Humaira a gaba da jakar lakwal.

Maganar kwano kuwa, unguwa ta gani har ta gaji. Ran da Bushira ke gida, da magariba za ta fito da kwano a naɗe cikin adiko, ta shiga gidan Hajiya, a ji dariya na tashi daga rumfa, don yanzu da izini take kwaikwayon kowa. Ran da take kwanan asibiti kuwa, kwanon ta ɗaya hanyar yake bi. Hajiya Na'inna ce ke fitowa da shi da kanta, ba ta yarda a kai mata, tana tsallake kwata da ramuka ɗaya bayan ɗaya ba mai riƙe mata hannu, har ƙofar matanite, ɗakin haihuwa. In an ce dokta tana ciki da mai naƙuda, sai ta zauna a benci ta aza kwanon a cinya.

"Ba komi, ina jira," takan ce. "Naƙuda ba ta da montur."

'Yan'uwana masu karatu, ku da za ku zaɓi aiki ku kuma zaɓi abokin zama, ku zauna ku faɗa wa juna gaskiyar irin rayuwar da kowa zai iya ɗauka, kada ku bari a yanka muku ita da awon wani. Kuma in kun riƙe sirrin babba a ranar da tona shi zai wanke ku, ku daure ku yi shiru. Bushira ta yi haƙurin kwana goma a gefen tabarma, ta tashi da aikinta, da mijinta, da uwa ta biyu mai kawo mata tuwo da zafinsa.